Kumfa da Kunnen Tsumma

Shekara ashirin da uku Kumfa ya yi yana wankin mota a fili ɗaya, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ce wankinsa bai fita ba, kamar yadda ba a taɓa samun wanda ya ce ya ji daɗin bakinsa ba. Mutum ne siriri da ya ba hamsin baya, ƙafafunsa kullum fari fat da cin ruwa, tsakankanin yatsun duk sun tsattsage. Sunansa na yanka ya ɓace tun da daɗewa. Masu mota sun ga kullum hannunsa cikin kumfa yake har gwiwa, suka laƙaba masa, ya bi shi. Mutum ɗaya ce ba ta kiransa haka, wato yayarsa, wadda shagon ɗinkinta ke bakin filin. Ita har gobe Auta take ce masa, da irin muryar da ake kiran yaron da ya fasa tulu.

Filin nata ne. Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu filinsa gida biyu, shi ya sayar da nasa kason ya sayi tsohuwar motar haya. Motar ta ƙare a hannun makanikai cikin shekara biyu, ya dawo ba mota ba fili. Yaya ta ba shi bayan shagonta ya zuba siminti, ya haƙa magudana, ya kafa ɗakin kwano a kusurwa, ya ja tiyo daga famfon da ke jikin bangonta. Ba ta taɓa korarsa ba, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Shi kuwa bai taɓa cewa na gode ba, balle ya yarda cewa sayar da gadon kuskure ne. In zancen ya taso, cewa yake motar ce aka cuce shi a kanta. Matarsa ta zauna da shi shekara tara, ta gaji da zama da mutumin da ba ya laifi, ta kama gabanta. Wannan ma cewa ya yi danginta ne suka zuga ta.

A aiki kuwa yana da ƙa'ida. Tsummansa uku ne, ba a haɗa su: fari na gilashi, shuɗi na jikin mota, baƙi na taya. Daga sama yake farawa ya gangaro. Yana da tsohon buroshin haƙori da yake bin ramukan iska da shi, yana da tsinken da yake naɗa wa ƙyalle ya zura bayan madubi. In mai mota ya gaji da jira ya ce ya isa haka, Kumfa ba ya ko ɗaga kai, sai dai ya ce in sauri ake so akwai 'yan shafa-shafa a saman titi. Inda ya fi ƙwarewa shi ne ƙarƙashin mota. Zai durƙusa ya matse bakin tiyo da babban yatsa, ruwan ya fita da ƙarfi kamar bulala, ya cusa shi cikin kowane lungu, ba ya janyewa sai ya ga abin da ke dawowa ya koma fari. Karin maganarsa ɗaya ce, kuma shi ya ƙirƙire ta: duk rami gidan datti ne.

Wata safiya, shekara huɗu da suka wuce, ya tarar da ɗan kwikwiyo a cikin kwandon tsummokaransa yana rawar ɗari. Ba irin karnukan layi ba ne. Gashi gare shi mai yawa, ruwan ƙasa, ga kunnuwa dogaye sun zubo kamar an shanya safa. Da alama wani mai mota ne ya gaji da shi ya sauke. Kumfa ya ɗaga shi ta ƙeya zai kai shi bakin titi, sai Yaya ta leƙo ta ƙofar baya da almakashi a hannu, ta ce kada ya kuskura ya bar mata wannan najasar a fili. Wannan maganar ce ta sa kare ya zauna. Ya mayar da shi kwandon, ya sa masa suna Tsumma.

Abin da ya fara da gayya sai ya zama wani abu dabam, wanda shi kansa ba zai yarda ya faɗa ba. Duk abin da ya saya ya ci, sai ya tsakura wa Tsumma a murfin bokiti. Maganganun da ba ya yi da mutane da shi yake yi, yawanci ƙarar Yaya yake kai masa. Karen kuma yana da wata baiwa: ya san motocin masu zuwa wanki ta ƙarar inji. Tun mota ba ta karyo kwana ba zai miƙe ya ɗaga kai, in wadda ya sani ce ya kaɗa wutsiya, sai Kumfa ya fara kwance tiyo. Ya sha yin fahariya da wannan a gaban mutane, yana cewa karensa ya fi wasu masu shago kunne, ba ya ambaton suna, amma keken ɗinki yakan tsaya cak.

Don ya toshe bakin Yaya, kullum da yamma in ya sallami motar ƙarshe, sai ya wanke Tsumma. Kuma wankin mota yake yi masa sak. Ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya fara daga sama ya gangaro, ya cuɗa da soso da garin sabulu, sannan ya ɗaga kunne ɗaya, ya matse bakin tiyo da babban yatsa ya ɗura, ya ɗaga ɗayan ya ɗura. Karen yana kuka yana zillo, shi yana ce masa ya yi haƙuri, tsabta ba ta kashe kowa. In ya gama ya sake shi, ya ɗaga murya yadda za a ji a shago, ya ce a nuna masa kare ko mutum da ya kai wannan wanka a layin nan.

A shekara ta huɗu kunnen ya fara. Da farko kaɗa kai ne, kunnuwan suna dukan kumatu fat-fat-fat kamar ana kakkaɓe jiƙaƙƙen tsumma. Sai susa da ƙafar baya, har bayan kunnen ya saɓule ya yi jini. Sai ya riƙa jan gefen kansa a kan siminti. Daga nan wari ya taso, mai tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana uku, kuma da Kumfa ya ɗaga kunnen ya ga ciki ya yi ja ya kumbura, wani abu baƙi-baƙi ya danƙare kamar tsohon man inji. Wani makaniki ya ce ya ɗiga man birki, Kumfa ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Shi ya san maganin datti. Ya mayar da wanka sau biyu, safe da yamma.

Akwai wata mata da takan kawo akori-kura duk bayan mako biyu, likitar dabbobi ce, bayan motar kullum cike da kashin awaki da ɓurɓushin dusa. Ba sa shiri. Shi yana ƙorafin cewa motarta ɗaya ta fi biyar cin ruwa, ita kuma in ya gama sai ta zagaya tana shafa yatsa a ƙarƙashin kujera, abin da yake ji kamar an zage shi. A bayan idonta mai motar awaki yake ce mata. Ran nan tana zaune a benci tana jira, ta ga Tsumma ya karkatar da kai gefen hagu yana tafiya, ta ce wa Kumfa ya kawo mata karen nan asibiti ta duba kunnen, don warin ya iso har inda take. Ya ce ta ji da awakinta, karensa wanka biyu yake yi a rana, wanda ba kowane ɗan adam ke yi ba. Ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta yi tambaya, wayarta ta yi ƙara, ta tashi ta amsa. Da ta dawo ya riga ya kunna ruwa, ya juya mata baya.

A cikin watannin nan Tsumma ya tsiri wata ɗabi'a. Da ya ga Kumfa ya ɗauko soso, sai ya sulale ya nufi ƙofar bayan shago, ya kwanta a dokin ƙofa, wani lokaci ma ya saci jiki ya shige ƙarƙashin teburin yanka. Yaya ta ce turo shi ake yi da gangan don a kore mata mutane. Kumfa ya ce ko kare ya san inda datti yake, shi ya sa yake zuwa. Kullum sai ya je dokin ƙofa ya zura hannu ya jawo shi ta wuya, faratansa suna kartar siminti.

Ranar da abin ya fashe, Yaya ta gama wasu fararen riguna shida na ma'aikatan wani kantin magani, ta goge, ta rataya su a igiyar da ke bakin ƙofar baya su sha iska kafin a zo karɓa. Kumfa ya gama wa Tsumma wankan safe ya sake shi. Karen ya ruga dokin ƙofa, ya tsaya daidai ƙarƙashin igiyar, ya kaɗa kai da duk ƙarfinsa. Abin da ya fito daga kunnen a ranar ba baƙin nan ba ne kawai, har da mugunya ruwan ɗorawa da jini-jini, ya yi feshi a jikin riguna huɗu kamar an yarfa buroshin fenti.

Yaya ba ta yi ihu ba, abin da ya sa Kumfa ya san lamarin ya girma. Ta sauke rigunan ɗaya bayan ɗaya da bakin almakashi, ta zuba a leda. Ta rufe shago ta fita. Kafin azahar ta dawo da mai walda, aka ƙera wa famfon ɗan akwatin ƙarfe, ta sa masa kwaɗo, ta zura makullin a igiyar awon da ke wuyanta. Kumfa yana tsaye da rabin mota a cikin kumfa.

"Auta," ta ce, "ko kare ko ruwa. Fili ɗaya ba ya ɗaukar su biyu."

Ya ce ruwan na Allah ne. Ta ce famfon nata ne. Ya ce in uban da ya haife su yana raye ba za ta yi haka ba. Ta ce in yana raye da ya tambaye shi ina nasa kason. Mai motar da ke jira ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ɗauki tsumma ya goge gilashinsa da kansa, ya ja motarsa da kumfa a jiki.

Kwana tara suka wuce famfo yana kulle. Kumfa ya koma sayen ruwa a wajen masu turi, jarka-jarka, yana wanki da bokiti da moɗa kamar sabon shiga. Ƙarƙashin mota, inda sunansa yake, ya gagara, don ba a kaiwa can da moɗa. Motar da a da take ɗaukar rabin awa ta koma awa ɗaya da rabi. Bayansa ya riƙe. Masu mota suka fara wucewa saman titi wajen 'yan shafa-shafan da yake zagi, wasu ma in sun zo wucewa sai su kau da kai. Rana ta biyar motoci biyu kawai ya wanke. Yaya kuwa ta fito da kekenta kusa da ƙofar baya, wai ta nan iska ta fi shigowa, tana ɗinki tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Wani mai gona da matarsa ke kawo mata ɗinki ya ce zai iya ɗaukar karen ya kai shi can, ta aiko wa Kumfa da saƙon ta bakin mai shayin layin, alhali taku goma ne tsakaninsu. Ya mayar da amsa ta bakin mai shayin cewa a kai wadda ta aiko.

Abin da ya fi ci masa rai ba motocin ba ne. Ruwan jarka bai isa a yi wa kare wanka ba. Kullum da yamma zai dubi sauran ruwan da ke gindin bokiti, ya dubi Tsumma, ya ji kamar ya ci amanarsa. Gashin karen ya dunƙule, ƙura ta hau. Amma ya lura da abu biyu da bai so ya haɗa su a ransa ba. Tsumma ya rage kaɗa kai. Kuma ya daina gudu shago, ya dawo kwana a kan ƙafar Kumfa kamar da.

Rana ta goma akori-kurar likitar ta shigo. Tsumma yana kwance da kunnen dama a ƙasa, na hagu a sama, bai motsa ba har tayar ta kusa taka jelarsa, sannan ya zabura. Kumfa ya ga wannan. Karen da ke sanin motar nan tun daga kwana. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ba ta da ido ne?

Likitar ba ta kula shi ba. Ta dubi akwatin ƙarfen da ke jikin famfo, ta dubi jarkokin, ta buɗe gaban mota ta ɗauko jakarta. Ta ce yau ba wanki ta zo ba tukuna, ya riƙe mata kan karen. Ya so ya yi gardama, sai ya tuna tayar. Ya durƙusa. Ta ɗaure bakin Tsumma da bandeji, ta sa safar roba, ta ɗauko wata 'yar fitila mai tsinin baki ta leƙa kunnen dama, ta daɗe. Ta koma na hagu, karen ya yi wani kuka da Kumfa bai taɓa ji ba, har keken ɗinki ya tsaya. Yaya ta fito ta jingina da ƙyaure, hannu a ƙugu.

Likitar ta tambaya tun yaushe. Ya ce 'yan kwanaki. Yaya daga inda take ta ce wata shida. Ta tambaya me yake sa masa. Ya ce ba ya sa masa komai, shi ba ya wasa da magungunan banza, ruwa da sabulu ne kawai. Ta ce ya nuna mata yadda yake yi. Ya ɗauko busasshen tiyo, kuma ko a lokacin da ɗan alfahari ya yi abin: ya ɗaga kunnen, ya matse bakin tiyon da babban yatsa, ya kai shi bakin ramin. Tsumma ya fizge da ƙarfin da ya kusa kayar da shi.

Likitar ta cire safar hannu ɗaya a hankali. Ta ce kunnen kare ba miƙaƙƙen rami ba ne, gangarawa yake yi sannan ya lanƙwasa, ruwan da ya shiga ba ya samun hanyar fita, ga kuma dogon kunne ya rufe bakin kamar murfi. Ciki ya zauna da laima da ɗumi kullum, nan ƙwayoyin cuta suke so. Sabulun kuma yana cin fatar. Na dama zai warke in an bi magani. Na hagu kuwa dodon kunnen ya fashe, ciwon ya shige ciki, ba ta sa ran jin zai dawo. Ta ce kwanakin nan da ba a yi masa wanka ba su ne hutun farko da kunnen ya samu.

"Wato dattin ne ya yi masa yawa," in ji Kumfa.

"A'a, Baba. Wankan ne."

"Shekara ashirin da uku ina wanki, ba a taɓa dawo mini da mota an ce ruwa ya ɓata ta ba."

"Wannan ba mota ba ce," ta ce, ta rufe jakarta.

Yaya ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ce ashe garin gyaran gira an rasa ido. Ta ce wata shida tana shaƙar ɗoyi ana ce mata ita ce ƙazama. Kumfa ya ce a rufe masa baki, mai motar awaki ba ta san komai ba sai awaki. Likitar ta ce ta ji sunan, ba yau ta fara jinsa ba. Ta ce gobe ya kai karen asibiti a kwantar da shi a wanke kunnen yadda ya kamata, sannan za ta ba shi na ɗigawa a dama da ƙwayoyin haɗiya saboda na hagu, safe da yamma, ba fashi. In ya ga dama. Ta ja motarta ba a wanke ba.

Ya kai shi. Bai gaya wa kowa ba, ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi, masu babur uku suka ƙi ɗaukarsu saboda wari. Ya dawo da 'yar kwalba da ƙullin ƙwayoyi. Ƙwayoyin ba su ba shi wahala ba, a cikin abinci yake cusawa. Kwalbar ce matsala. Da yamma ya kira Tsumma, karen ya zo yana kaɗa wutsiya. Ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa yadda ya saba, ya kai hannu ya ɗaga kunnen. Tsumma ya juyo ya kafa masa haƙori a tsintsiyar hannu, ba da ƙarfi sosai ba, amma ya huda. Ya kuɓuce ya tsallaka filin, ya shige ta tsakanin ƙafafun Yaya, ya lafe a can ƙuryar ƙarƙashin teburin yanka, bayan buhun ƙyallaye.

Kumfa ya tsaya a tsakiyar simintin da kwalba a hannu ɗaya, jini yana bin ɗayan. Nan ne abin da ya ƙi haɗawa ya haɗu da kansa. Duk watannin nan ba don a ɓata wa Yaya rai karen ke zuwa shago ba. Nan ne kaɗai busasshen wuri a filin, kuma nan ne kaɗai inda shi ba ya shiga.

Ya taka zuwa ƙofar baya. Rabonsa da tsallaka dokin ƙofar nan ya fi shekara goma. Yaya ta koma kan kekenta, ta miƙe ƙafa ɗaya ta tokare ƙyauren. Ya ce ta matsa ya ɗauki karensa, lokacin magani yana wucewa. Ta ce shagonta ba hanyar wucewa ba ce. Ya ce to ta koro shi. Ta ce ita ba ta taɓa najasa, kuma baƙon da ya gudo wajenta ba ta mayar da shi hannun wanda ya kurmantar da shi. Ya ce me take so. Ta ci gaba da taka keke, ta ja layi guda har ƙarshe, ta yanke zare da haƙori.

"Ka ce kai ne."

Daga ƙarƙashin teburin yana jin numfashin Tsumma. Ya dubi kwalbar, ya dubi makullin da ke lilo a wuyanta. Ya tuna fuskar matarsa ranar da ta ɗaure kayanta, ita ma abin da ta nema ke nan, kalma biyu. Yaya ta sa wani ƙyallen ta sake taka keke.

Ya ce wani abu.

Ta tsayar da keken ta ce ba ta ji ba, ƙarar keke ta yi yawa, kuma a gidan nan kurame sun fara yawa.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ɓata masa kunne. Da tiyo."

Ta dube shi tsawon lokaci, kamar tana auna yadi da ido. Ya ɗauka za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta janye ƙafarta. Ya shiga ya durƙusa, amma da ya miƙa hannu Tsumma ya yi gurnani ya ƙara matsewa a bango. Sau uku yana gwadawa. Yaya ta ja tsaki, ta ce ya ba ta wuri, hannun da bai iya komai ba sai ɗura. Ta zura hannuwanta cikin ledoji biyu ta ɗaure a wuyan hannu da zare, tana tsine wa ranar da aka haifi auta a gidansu. Ta ce ya riƙe ƙafafun baya kawai, kada ya kusanci kan. Ta karɓi kwalbar, ta riƙe ta yadda take riƙe 'yar gwangwanin man keke, ta ɗaga kunnen da yatsa biyu, ta ɗiga adadin da aka rubuta, ba ƙari ba ragi, ta murza gindin kunnen kamar yadda likitar ta nuna wa Kumfa shi kuma ya faɗa mata a daƙile. Tsumma bai ko motsa ba.

Ta cire ledojin ta jefa a kwandon shara, ta fita ta buɗe kwaɗon, ta wanke hannunta ta sake wankewa, ta bar ruwan yana zuba. Makullin kuwa ta mayar wuyanta. Ta ce duk ranar da ta ga bakin tiyo ya kusanci kan karen nan, ko ta ga ɗigo ɗaya a jikin kayan mutane, kwaɗo zai koma, kuma a ranar ba mai walda kaɗai za ta kira ba. Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya.

"Tunda bakin ya buɗe, Auta, filin Baba fa?"

"Wannan motar ce aka cuce ni a kanta," ya ce, ya sunkuya ya ɗauki tiyo.

Ta ce Allah ya shirya, da muryar da ba addu'a ba ce, ta bugo ƙyaure.

Mako uku ta yi tana ɗiga maganin safe da yamma, da leda a hannu, ba ta fasa zagi ko sau ɗaya ba, shi kuma bai ce na gode ba. Kunnen dama ya bushe, warin ya tafi. Na hagu bai dawo ba, kan ma ya ɗan zauna a karkace. Masu mota sun dawo, ba duka ba. Yanzu sau ɗaya a wata Tsumma ke wanka, da bokiti, an toshe kunnuwan da auduga, kuma Yaya tana tsaye a ƙofa tana kallo kamar mai gadin jarrabawa. Likitar ta ci gaba da kawo akori-kurarta, ta ci gaba da shafa yatsa a ƙarƙashin kujera, bai daina ce mata mai motar awaki ba.

Motoci kuwa yanzu Kumfa ne ke fara jin su. In wadda suka sani ta karyo kwana, sai ya taɓa Tsumma da yatsan ƙafa, karen ya miƙe ya kaɗa wutsiya, mai motar ya ce kai, karen nan da kunne yake. Kumfa ba ya gyara masa. In kuma keken ɗinki ya tsaya a daidai lokacin, sai ya ƙara wa ruwa ƙarfi.